Yadda Ake Ɗora Takardun Haƙƙin Ɗan Adam a Intanet Ba Tare da Haruffa Sun Ɓace Ba

Shekarun baya wani abokin aikina ya turo mini fayil, ya ce fassarar Hausa ce ta Sanarwar Haƙƙoƙin Ɗan Adam, suna so a ɗora ta a shafin ƙungiyarsu kafin wani taro. Da na buɗe, sai na tarar da "ha}}i" inda ya kamata in ga haƙƙi, da "wa]anda", da "za~e". A kwamfutarsa kuwa komai daidai yake, shi ya sa da farko bai yarda da ni ba. Da ya gaji, sai ya ce a cire lanƙwasar gaba ɗaya, a bar k da d da b, ai Bahaushe zai gane. Ban yarda ba, kuma har yau ba zan yarda ba. A takardar da take magana a kan kamu da tsarewa, akwai tazara mai nisa tsakanin a ɗaure mutum da mutum ya daure. Haka ƙara da kara, haka baƙi da baki, haka ƙasa da kasa. Lanƙwasar nan ita ce take riƙe da maʼanar.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wannan sanarwa ranar 10 ga Disamba, 1948, a birnin Paris. Ƙasashe 48 suka jefa ƙuriʼar amincewa, 8 suka ƙaurace, babu wadda ta ƙi. Tana da gabatarwa da sassa 30. Ofishin Babban Kwamishinan Haƙƙin Ɗan Adam da ke Geneva yana tattara fassarorinta, kuma sun haura harsuna 500, har kundin bajinta na Guinness ya shaida tun 1999 cewa babu takardar da aka fassara kamarta. Sai dai da yawa daga cikin fassarorin sun iso ne a matsayin hoton takarda, ko a rubuce da salon haruffan da kwamfuta ɗaya ce kawai ta san shi. Wani mai suna Eric Muller ya kafa aikin mayar da su rubutun Yunikod ɗaya bayan ɗaya, aikin da Ƙungiyar Yunikod ta ɗauki shekaru tana ajiye shi a shafinta. Matakan da ke tafe irin wannan aiki ne, kuma za su yi maka amfani ko da takardar da ke hannunka Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Alʼummomi ce ta 1981, ko Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, ko babi na huɗu na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999.

Kafin mu fara, abu guda ya kamata ka riƙe. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na 1963 ya raba lambobi 128 kacal, iyakar abin da Turancin Amurka yake buƙata. Duk wanda harshensa ya wuce nan sai ya yi dabara. Yunikod, wanda ya fito a 1991, shi ne yake ba kowane harafi na kowane rubutun da ya karɓa lambarsa ta dindindin: ƙ ita ce U+0199 a Kano, ita ce kuma a Tokyo. Fon kuwa, wato salon zanen haruffa, riga ce kawai da ake sa wa lambar. Aikinka duka shi ne ka tabbatar lambar daidai take.

Mataki na 1: Nemo asalin takardar

Kada ka fara da abin da aka tura maka ta WhatsApp. Bi sawu har ka kai ga bugun farko, ko kwafin da ke shafin ofishin Geneva, ko wanda hukumar da ta yi fassarar ta fitar. Buɗe wani ɗan fayil na dabam ka rubuta inda ka samo ta, wa ya fassara idan an ambata, wace shekara, daga wane harshe, kuma da wace ƙaʼidar rubutu. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci gare mu: Nijeriya tana rubuta ʼy, Nijar tana rubuta ƴ, shi ya sa a tarin Muller aka ware Hausar Nijeriya da ta Nijar kowace da fayil nata. Idan takardar ba ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba ce, nemi izinin masu ita a rubuce.

Ka kuma ɗaura wa kanka niyya tun yanzu cewa kai mai kwafi ne, ba mai fassara ba. Za ka ci karo da jimlar da kake ganin za ka iya faɗa fiye da haka. Bar ta. Rubuta ta a gefe, za mu dawo kanta.

Mataki na 2: Gane ciwon da ke jikin fayil ɗin

Ciwo huɗu ne, kuma kowane da maganinsa, don haka kada ka taɓa komai sai ka san wanne ne. Gwajin ba wuya: zaɓi layi ɗaya, kwafe shi, liƙa shi a Notepad ko wata manhajar rubutu zalla.

Idan layin ya ƙi zaɓuwa sam, hoto ne ke gabanka, ko da sunan fayil ɗin ya ƙare da PDF. Idan ya kwafu amma ka ga baka-biyu da alamomi a tsakiyar kalma, irin "}asa" da "]aya", to tsohon fon ne. Idan ka ga Æ™ a wurin ƙ, ko É— a wurin ɗ, ko É“ a wurin ɓ, ka yi murna, domin rubutun lafiyarsa ƙalau, karanta shi ne aka yi da tsarin da ba nasa ba. Idan kuwa alamar tambaya ka gani a wurin haruffan, ko ka tarar an riga an maye su da k da d da b, to lambar ta riga ta mutu, babu manhajar da za a dogara da ita ta tashe ta. Sai mutum.

Akwai abu na biyar da yake kama da ciwo amma ba shi ba ne: ƙananan akwatuna babu komai a ciki. Wannan yana nufin harafin yana nan daram, fon ɗin naʼurarka ne ba shi da zanensa. Canja fon kawai.

Mataki na 3: Tanadi kayan aiki

Kibod da fon da manhajar rubutu. A waya, Gboard yana da Hausa. A kwamfuta, Keyman na ƙungiyar SIL kyauta ne, kuma yana da kibod na harsuna dubbai. Na fon, ɗauki Charis ko Andika don boko, ko kuma dangin Noto na Google, waɗanda aka yi su musamman don kawar da akwatunan nan. Manhajar rubutu kuma ka zaɓi wadda za ta nuna maka tsarin da take ajiye fayil da shi, irin Notepad++ ko VS Code. Idan a Word kake aiki a Windows, ga wata dabara da za ta cece ka sau ɗari: zaɓi harafi ka danna Alt da X tare, zai nuna maka lambarsa. Rubuta 0199, zaɓe ta, danna Alt da X, za ta koma ƙ.

Liƙa waɗannan lambobi a bangon inda kake aiki: ɓ 0253, Ɓ 0181, ɗ 0257, Ɗ 018A, ƙ 0199, Ƙ 0198, ƴ 01B4, Ƴ 01B3.

Mataki na 4: Mayar da rubutun

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake yawan yin ɓarna, don haka zan ɗan daɗe. Kafin komai, yi kwafin fayil ɗin na asali ka ajiye shi inda hannunka ba zai kai ba.

Mu fara da tsohon fon. Ina so in faɗi wani abu game da shi, domin na ji matasa suna raina shi. A zamanin da kwamfuta ba ta da gurbin haruffanmu, mutane irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya ƙirƙiri fon ɗin Rabiʼat, su ne suka sa aka iya buga Hausa da lanƙwasarta. Littattafai da mujallu da kundayen digiri masu yawa da irin waɗannan fon aka buga su. Dabarar ita ce a ɗauki maɓallin da ba a cika amfani da shi ba, a zana masa harafin Hausa. Ido yana ganin ƙ, amma lambar da ke ƙasa ta baka-biyu ce. Muddin takarda za a buga, babu matsala. Ranar da rubutun ya bar kwamfutar da ke da fon ɗin, sai rigar ta faɗi.

Maganin shi ne ka zana jadawalin musaya. A yawancin fayilolin Hausa da na gani, } tana tsaye ne a madadin ƙ, { a madadin Ƙ, ] a madadin ɗ, [ a madadin Ɗ, ~ a madadin ɓ, | kuma a madadin Ɓ. Amma kada ka ɗauki nawa ka ɗora a kan naka ido rufe, domin fon ya bambanta. Nemo kalmomin da ka san su a cikin rubutun, ka gano kowace alama da abin da take wakilta, sannan ka yi musayar alama ɗaya bayan ɗaya da Ctrl da H. Bayan kowace musaya duba adadin da manhajar ta ce ta canja, ka rubuta. Ka kuma yi hattara da wurin da baka-biyun na gaske ne, misali inda mai fassara ya saka kalmar ƙarin bayani a ciki. Irin wannan wuri mai bugawa yakan sauya fon don ya samu alamar, kuma musayar gaba ɗaya za ta haɗiye shi. Shi ya sa ya fi kyau ka buɗe asalin a gefe, da fon ɗinsa ko a takarda, kana dubawa.

Na Æ™ ya fi sauƙi, kuma sanin dalilinsa zai hana ka sake faɗawa. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ajiye kowane harafi da bayit, wato ɗan maʼaunin bayanai na kwamfuta, ɗaya zuwa huɗu. Haruffan Turanci bayit ɗaya, ƙ kuma bayit biyu. Idan manhaja ta ɗauka cewa kowane bayit harafi ne mai zaman kansa, kamar yadda tsohon tsarin Windows-1252 yake yi, sai ta raba ƙ gida biyu, ta nuna Æ da ™. Kada ka bi su da hannu kana gyarawa. Rufe fayil ɗin ba tare da ka adana ba, sake buɗe shi, ka gaya wa manhajar cewa UTF-8 ne.

Hoto kuwa, shawarata ita ce ka zauna ka buga shi da hannu. Sanarwar ba ta da tsawo, yini ɗaya ya isa. Manhajojin da ke gane rubutu daga hoto suna yawan ɗaukar ƙ a matsayin k, ɗ a matsayin d, kuma irin wannan kuskure ya fi wuyar kamawa fiye da wanda ya fito fili, domin kalmar da ta fito ma kalma ce. Idan kuna da mutum biyu, kowa ya buga nasa ba tare da ya ga na ɗanʼuwansa ba, sannan a gwama fayilolin biyu da manhajar gwama rubutu. Duk inda suka saɓa, a koma ga asali. Da wuya mutum biyu su yi kuskure ɗaya a wuri ɗaya.

Wanda aka cire wa lanƙwasa shi ne mai cin rai. Sai an bi shi kalma bayan kalma, kuma sai wanda ya ji harshen a nono. Idan kalma ta ɗauki maʼana biyu, a duba sashen a ɗaya daga cikin harsuna shida na Majalisar, wato Larabci, Sinanci, Turanci, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci, a ga wace ake nufi.

Idan ka gama, adana fayil ɗin a UTF-8. A akwatin adanawa na Notepad akwai zaɓin ANSI. Kada hannunka ya taɓa shi, domin shi ne yake haifar da alamomin tambayar nan da ba a dawowa daga gare su.

Mataki na 5: Farauci tagwayen haruffa

Yanzu rubutun yana da kyau a ido, amma ido ba shi ne alƙali ba. Akwai haruffan da zanensu ɗaya, lambarsu dabam, kuma su ne suke sa mutum ya nemi kalma a shafi a ce masa babu, alhali ga ta yana kallo.

Babban mai laifi a Hausa shi ne ɗan waƙafin sama na ʼyanci da maʼana da shariʼa. A fayil ɗaya za ka iya samun iri huɗu: miƙaƙƙe na kibod, U+0027, mai lanƙwasa dama, U+2019, mai lanƙwasa hagu, U+2018, wanda Word yake sakawa da kansa a farkon kalma don ya ɗauka zance za ka buɗe, da kuma U+02BC. Ukun farko alamomin rubutu ne a wurin Yunikod, na ƙarshen ne kaɗai harafi. Tunda a Hausa wannan alama baƙi ce mai sauti, ni U+02BC nake zaɓa, domin ba ta bari a tsinka kalma a tsakiya. Na san akwai masu cewa mutane da miƙaƙƙen suke bincike, kuma suna da hujja. Duk wanda kuka zaɓa, ya zama shi kaɗai ne daga farko har ƙarshe, kuma a rubuta zaɓin a fayil ɗin bayani.

Sauran harsuna ma suna da nasu. Wasalin Kanuri mai kama da e a kife yana da tagwaye biyu, U+0259 da U+01DD, kuma babban harafin kowanne dabam ne: na farko Ə, na biyu Ǝ. Tambayi masu harshen wane babban harafi suke rubutawa, shi zai gaya maka ƙaramin da za ka ɗauka. A rubutun Larabci, kaf ta Larabawa U+0643 ce, ta Farisa da Urdu U+06A9. A rubutun Rashanci akwai a da o da e waɗanda ba za ka bambanta su da na boko ba. Hanyar kama su duka ɗaya ce: ka sa a fitar maka da jerin duk haruffan da ke cikin fayil ɗin tare da adadin kowanne. Duk mai ɗan sanin harshen kwamfuta na Python zai rubuta maka wannan a layi uku. Harafin da ya fito sau ɗaya ko biyu kacal, je ka gan shi.

Sai batun haruffa masu kaya a kai ko a ƙasa. Harafin é ana iya rubuta shi da lamba ɗaya, U+00E9, ko da biyu, wato e sannan U+0301. Yarabanci ya fi shiga wannan, domin ẹ mai ɗigo a ƙasa idan ta ɗauki alamar karin sauti babu lamba guda da ta haɗa su, dole a jera. Domin kada fayil ya zama rabi haka rabi haka, Yunikod ya tanadi daidaitawa, kuma wadda aka fi so a intanet ita ce NFC. Ka bi da kowane fayil ta cikinta sau ɗaya kafin ka ɗora.

Mataki na 6: Idan rubutun daga dama yake farawa

Larabci, Ajami, Nʼko da Adlam duk daga dama suke tafiya zuwa hagu. Dokar ita ce ka buga haruffa bisa jerin da ake karanta su, ka bar naʼura ta juya su. Kada ka taɓa kwafo Larabci daga PDF ka amince da shi: sau da yawa yakan zo a juye, ko ya zo da lambobin siffofin harafi, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, maimakon lambar harafin kansa. A fuska lafiya, a bincike babu.

Ajaminmu ya daɗe yana jiran gurbinsa. Mu da rubutun Warshu muka tashi, inda harafin fa yake da ɗigo a ƙasa, ƙaf take da ɗigo ɗaya a sama, nun ta ƙarshe kuma takan zo babu ɗigo. Yunikod ya ba waɗannan uku lambobinsu a 2016, daga U+08BB zuwa U+08BD, ya kuma ƙara wasu haruffan da Hausa take buƙata a 2020. Ɗigon imala na ƙasa shi ne U+065C. SIL ta fitar da fon ɗin Alkalami, wanda aka zana bisa hannun Kano, da Harmattan don Afirka ta Yamma. Ina ganin wannan shi ne wurin da ya fi cancantar ƙoƙarinmu. Akwai dattawa da matan aure da almajirai masu yawa da Ajami ne karatunsu, kuma sashen da ya hana azabtarwa da wanda ya hana kamu ba bisa ƙaʼida ba nasu ne kamar yadda yake na ɗan boko. Sai dai mayar da boko zuwa Ajami sabon aiki ne, a ba malamin da ya iya, a kuma rubuta cewa an yi hakan.

Mataki na 7: Ƙirga sassan

Sanarwar tana da ƙashi ɗaya a kowane harshe, kuma wannan alheri ne ga mai bita. Sassa 30 ne, ƙirga su. Sashe na 23, na aiki da albashi, yana da sakin layi huɗu masu lamba. Na 26, na ilimi, uku. Na 21, na zaɓe da shiga harkar mulki, uku. Na 5 jimla ɗaya ce tak. Ko harshen da ba ka ji ko kalma ɗaya za ka iya gane an tsallake wani abu ta wannan hanya. Ba kowane sashe da kowane sakin layi alamarsa a cikin fayil, iri ɗaya a duk harsunan, yadda mai karatu zai iya ajiye sashe na 19 na Hausa kusa da na Fulfulde da na Larabci. Idan ka tarar asalin fassarar ce ta tsallake wani wuri, kada ka cike da naka. Sa alama cewa babu shi a asali, ka sanar da masu fassarar.

Mataki na 8: Gaya wa shafin harshen da yake ɗauke da shi

Abu uku za ka ce wa mai gina shafin. Na ɗaya, a saman kowane shafi a saka meta charset="utf-8", kuma saba, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, da rumbun bayanai su ma su kasance a UTF-8, domin wuri ɗaya ya kauce sai Æ™ ta dawo. Na biyu, a saka alamar harshe: lang="ha" don Hausa, ha-NE idan ƙaʼidar Nijar ce, ha-Arab don Ajami, ff-Adlm don Fulfulde da Adlam, a haɗa da dir="rtl" ga masu farawa daga dama. Da wannan alama burauza take zaɓen fon, injin bincike yake sanin wa zai kai wa shafin, manhajar da take karanta wa makafi rubutu kuma take sanin harshen da ke gabanta. Na uku, a ɗora fon ɗin tare da shafin, kada a dogara da abin da ke wayar mai karatu. A jerin harsuna kuma a rubuta sunan kowane harshe da rubutunsa, domin wanda Adlam kaɗai ya iya ba zai gane sunan harshensa da boko ba.

Mataki na 9: Bita da baki, gwaji da ƙaramar waya

Buga shafin a takarda. Mutum ɗaya ya riƙe asali, ɗaya ya karanta sabon da ƙarfi, yana faɗin kowace lanƙwasa da kowane waƙafi, kamar yadda ake bitar allo. Wanda ya buga rubutun kada ya zama mai karantawa, domin idonsa zai ga abin da ya yi niyya ne.

Daga nan sai gwaji, kuma ba a kwamfutar ofis ba. Nemo tsohuwar Android mai tsagaggen gilashi, irin wadda take hannun mai shayi, ka buɗe shafin da ita. Nemi kalmar haƙƙi ka ga ko za ta fito. Kwafi sashe ɗaya ka tura wa wani ta WhatsApp, ka ce ya turo maka hoton abin da ya gani. Wannan gwaji na ƙarshe shi ne ya fi kama da yadda rubutun zai yi yawo a gaskiya: wani zai tura wa ɗanʼuwansa sashe na 9 ranar da aka kama ɗansu, kuma ya kamata ya isa yadda ya tashi.

Mataki na 10: Raba shi, ka kuma ajiye tarihin gyara

Fitar da shi kashi uku: shafin intanet, fayil na rubutu zalla, da PDF mai fon a cikinsa don masu bugawa. Rubutu zalla ʼyan kilobayit ne, yana buɗewa ko da sabis ya yi rauni, alhali hoton shafuka yana cin data. Ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, domin shafukan ƙungiyoyi suna mutuwa ranar da kuɗin aikin ya ƙare. Idan sabuwar fassara ce da babu ita a tarin Geneva, aika musu. Yanzu ne kuma za ka dawo kan jimlolin nan da ka rubuta a gefe tun mataki na farko: tura su ga masu fassarar, idan sun amince a gyara, a rubuta ranar da abin da aka canja a ƙasan shafin.

Idan rubutun bai shiga Yunikod ba tukuna

Yana faruwa. Solomana Kante ya ƙirƙiri Nʼko a 1949, bai samu lambobi ba sai 2006. Ibrahima Barry da ɗanʼuwansa Abdoulaye sun ƙirƙiri Adlam suna yara a Gini a 1989, ya shiga a 2016. Tifinagh ya shiga a 2005, Vai na Laberiya a 2008. Hanyar ita ce a rubuta takardar neman shiga, da jerin haruffa, da sunan kowanne, da hotunan littattafai da wasiƙu da alluna da ke nuna mutane suna amfani da shi. Akwai shiri a Jamiʼar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda Deborah Anderson ta kafa a 2002, da yake taimaka wa alʼummomi shirya irin wannan takarda, kuma ta hannunsa Nʼko da Adlam suka bi.

Kafin a amince, za a ba ka shawarar amfani da yankin lambobin da Yunikod ya bari don amfanin kai, daga U+E000 zuwa U+F8FF. Yana aiki tsakanin mutanen da suke da fon ɗaya, amma ka sani cewa ciwon tsohon fon na mataki na huɗu ne kake sake shukawa, don haka ka rubuta jadawalin musayarsa tun yau ka ajiye tare da fayil ɗin. A shafin kuwa, ɗora hoton rubutun mai tsabta, sashe bayan sashe, ka sa kowane hoto kusa da rubutun sashen a boko ko Ajami na harshen, yadda mai bincike zai same shi. Hotunan nan su ma ka adana su da kyau, da ranar da aka ɗauke su da sunan garin, domin suna cikin shaidar da za a haɗa da takardar neman shiga.